Jakar Wankin Oddvar

Shekara talatin da ɗaya Oddvar Myklebust yana wanke wa ƙungiyar ƙwallon garinmu jesi, kuma da za ka yi masa maganar lada da kun ɓata har abada. Aikin gayya ne. A Vardnes komai na ƙungiya da gayya ake yin sa: wani ya ja layin fili, wata ta soya wainar da za a sayar ranar wasa, wani ya tsaya bakin ƙofa cikin ruwan sama. Rabon Oddvar da matarsa Borghild shi ne wanki. Da Borghild ta rasu mun zaci zai ajiye, sai ya ce wa ya gaya mana ita ce mai wankin, ai ita shanya kawai take yi.

Ni ce mai kai masa jakar. Sunana Torunn, kuma ni ce shugabar ƙungiyar, ba don na fi kowa iyawa ba, sai don ranar zaɓe na makara, kafin in iso an gama da ni. Ran Asabar a buga wasa, ran Lahadi da hantsi in jefa shuɗiyar jakar a bayan mota, warin zufa da laka ya ishe ni, in bi hanyar bakin teku har inda ta ƙare. Gidansa ne na ƙarshe, daga shi sai duwatsu da ruwa. Ran Alhamis kuma kocinmu Steinar ya je ya ɗauko su a ninke.

Ciwon ƙugu ya hana Oddvar zuwa kallo tuntuni, amma bai taɓa tambayata yadda wasa ya kaya ba. Zazzage jakar yake yi a tsakar ɗakin wanki, ya bi rigunan ɗaya bayan ɗaya.

"Shugaba, lamba huɗu ko ɗigon laka babu. Ɗan gidan Sunde wasa ya yi, ko shan iska ya je?"

"Ya yi ƙoƙari mana."

"Ƙoƙarin kare wandonsa dai. Dubi ta gola kuwa, kamar an yi huɗa da ita. Huɗu aka ɗura muku?"

"Biyar."

"Ashe ɗaya ko faɗuwa bai yi ba, kallonta kawai ya yi ta wuce." Sai ya goge hannu a wando. "Tunda kin riga kin zo, akwai kofi a wuta."

Kullum sai na ce sauri nake yi, kullum kuma sai na yi awa biyu. Mu sha kofi baƙi ƙirin, ya yanka min burodi da cukwin akuya, mu yi gulmar masu jirgin fito da limamin coci. Injin wankinsa kuwa yana ta kiciniya a bayan bango.

Akwai halinmu da nake jin haushinsa amma ban fita daga cikinsa ba. A tsibirin nan ba a zuwa gidan mutum haka kawai. An ce zumunci a ƙafa yake, to mu ƙafarmu ba ta tashi sai an ba ta dalili. Za ka ari tsani, za ka mayar da kwano, za ka tambayi yaushe za a sheƙa ruwa, komai ƙanƙantar abu dai, in ya zama akwai shi a hannunka ko a bakinka. Idan ka je da dalili za ka iya wuni. Idan babu, me za ka ce ka zo yi? Mutum sai ya tsargu, kai ma ka tsargu.

A lokacin ƙungiyar tana gargara. Tun da aka rufe masana'antar sarrafa kifi samari suka riƙa bin jirgin fito ba su dawowa. Akwai Asabar ɗin da muka fita da mutum goma sha ɗaya cif, har da wani mai shekara arba'in da huɗu da ya zo kallo. An fara maganar a narka mu cikin ƙungiyar Holmsund da ke tsallaken ruwa, mutanen da kakanninmu ma ba su yarda su ba su aron igiya ba. Na ce sai dai bayan raina.

Sai Allah ya kawo Darren. Bature ne ɗan Ingila, ma'aikacin wata babbar ƙungiya a can, irin waɗanda ake nuna wa a talabijin, ba sai na kama suna ba. Kamun kifi ya zo yi, guguwa ta hana shi fita, rashin abin yi ya kawo shi filinmu. Ya ga wata yarinyarmu, Ingvild, tana wasa cikin maza tana ba su wahala. Daga nan na like masa. Wasiƙa bayan wasiƙa, waya bayan waya, wata tara ban bar shi ya sarara ba, har aka sa hannu a yarjejeniyar shekara uku.

Duk wanda ya ce irin wannan haɗin gwiwa ba shi da amfani, ya zo ya same ni. Da bazara suka turo koci biyu na mako biyu, yara sittin da bakwai suka cika fili, har daga Holmsund ɗin, iyayensu suna sunkuyar da kai. Suka ba mu aron 'yan wasa biyu da ke neman inda za su goge. Ingvild ta tafi atisaye can, ta dawo ba a iya tare ta. Steinar, wanda iyakar dabararsa da can ita ce ya ce a buga ta gaba, ya koyi tsara wasa da alli. Maganar narkewa ta mutu murus. Abin nema ya samu, na yi ta yawo a gari ina jin kaina.

A watan Agusta kayansu suka iso: ƙwallaye, raga, sababbin jesi masu santsi, da wani ƙaton injin wanki da na busarwa da za a kafa a ɗakin canja kaya. Darren ya zo da kansa. Ya ce waɗannan rigunan ba a barin su su kwana da datti, ranar wasa ake wanke su da ruwa mai ɗumi-ɗumi, kuma ba a shanya su a igiya. Da ya ji labarin Oddvar sai ya dafe kai.

"Shekara saba'in da shida, kuna tura masa wanki? Haba Torunn, ku ji tsoron Allah. Ku bar bawan Allah ya huta mana."

Kunya ta kama ni, don a bakinsa abin ya fito kamar zalunci. Na ce gaskiya ne. Ni na kawo shawarar a karrama shi, ni na je na ɗauko shi a mota. A wasan da ya biyo baya, da aka tafi hutun rabin lokaci, muka tsayar da shi a tsakiyar fili da sandarsa, Darren ya miƙa masa sabuwar riga da sunansa a baya da lamba talatin da ɗaya, mutum ɗari biyu suna tafi. Oddvar ya jujjuya rigar, ya murza yadin da yatsa.

"Na gode," ya ce. "Dama injina ya tsufa."

Lahadin farko da babu jakar kaiwa na ce yau zan huta. Na yi shara, na ba kyanwa abinci. Ƙarfe goma sha ɗaya sai ga ni tsaye a ƙofa da makullin mota a hannu, ban san lokacin da na ɗauka ba. Na mayar da shi, na zauna. Mijina ya daɗe da komawa Bergen da wata mata, 'yata tana Oslo, tana kira idan ta tuna. Duk shekarun nan ina cewa taimakon tsoho nake yi. Ranar na gane ashe ni ma gidansa kaɗai nake shiga in zauna a duk faɗin mako, kuma abin bai yi min daɗi ba.

Mako biyar ban sa shi a ido ba, sai a kanti. Yana tsaye gaban madara, kwandonsa ɗauke da rabin burodi da kifi yanka ɗaya. Gashinsa ya yi tsawo.

"Shugaba."

"Oddvar. Ya ƙugun?"

"Yana nan inda na bar shi. Injin naku yana fitar da laka kuwa?"

"Yana fitarwa."

"Har wuyan riga? Nan ne datti yake ɓuya."

"Har wuyan."

"To madalla." Ya gyara riƙon sandarsa. "Na ji an ce ɗan gidan Sunde ya fara faɗuwa ƙasa."

"Mutanen Ingila sun koya masa."

Ya yi 'yar dariya, ya ce idan na biyo ta wajensu wata rana, sai kuma ya bar maganar a nan. Mu biyun mun san babu mai biyowa ta wajensu. Hanyar ba ta zuwa ko'ina.

Na tare Steinar bayan atisaye na tambaye shi yaushe rabonsa da gidan Oddvar. Ya ce tun da aka kafa inji.

"Kai ko kunya ba ka ji? Shekara tara kana shan kofin mutum."

"To in je in ce me? Na zo kallon fuskarka? Ke da kike wa'azin, kin je?"

"Ina neman abin da zan kai masa ne."

"Ki kai masa jadawalin wasanni."

"Yana fitowa a jarida, ya riga ka gani."

"Ki ari wani abu."

"Me yake da shi da ba ni da shi? Igiyar shanya?"

Steinar ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da tattara ƙwallaye. Na yi masa tsaki, amma tsakin rabinsa nawa ne. Na yi tunanin in kai wa Oddvar labulen ɗakin taro ya wanke, sai na tuna an cire labulen an sa na ƙarfe. Na yi tunanin in ce injin ya lalace, sai na tuna ƙanin Borghild ne ya kafa shi, kafin in isa ƙaryar ta riga ni. Da Darren ya kira ya tambayi tsohon, na ce muna leƙa shi. Ya ce yawwa, ko shayi ne mutum ya shiga ya sha. Shi abin a wurinsa kamar shan ruwa.

Asabar ta ƙarshe a watan Oktoba muka ci Holmsund uku da nema, a gidansu. Rabonmu da haka tun ina budurwa. A jirgin fito 'yan wasa suna ta waƙa, ni kuwa ina kallon rigar gola, fes da ita, ina tunanin mutum ɗaya ne a duniya da zai ga wannan rigar ya san abin da ya faru ba a gaya masa ba. Kafin magariba inji ya cinye komai.

Washegari da hantsi na shiga mota hannu rabbana. Na ce yau ko me za a yi sai na je. Mace mai shekara hamsin da takwas, wadda ta sa babbar ƙungiyar Ingila ta sa hannu a takarda, ba za ta kasa ƙwanƙwasa ƙofar tsoho ba. Duk tsawon hanya ina bitar abin da zan faɗa: na zo ganinka ne kawai.

Ban kai ga kashe mota ba ƙofarsa ta buɗe. Ya fito da safa, ko takalmi bai tsaya sawa ba, ko sanda. Ya leƙa kujerar baya, ya ga babu komai, ya dubi hannuna. Na ga fuskarsa ta canja.

"Wa ya rasu?"

"Babu kowa."

"Arnfinn ne? Ɗana? Ki faɗa min kawai, Torunn."

"Wallahi babu abin da ya samu Arnfinn. Kowa lafiya."

Ya dafa motar yana mayar da numfashi. Ni ce na tsorata shi haka, don a iya saninsa wanda ya zo ƙofarka ba komai a hannu, mugun labari ne a bakinsa. Ya ɗago ya dube ni, yana jira. Kalmomin da na yi ta bita suna nan a bakina, huɗu ne ko biyar, yaro ma zai iya faɗarsu.

"Juya mota zan yi," na ce. "Na wuce kwanar gidan su Sunde ban lura ba."

Kwanar gidan su Sunde tana baya da kilomita tara. Ya sani, na san ya sani. Ya dubi teku na ɗan lokaci, sannan ya gyaɗa kai.

"Yakan faru," ya ce. "Ja da baya, zan duba miki. Akwai rami ta hagu."

Ya taka a hankali ya koma bayan motar, safarsa tana jiƙewa a ciyawa. Yana yi min alama da hannu, zo, zo, kaɗan, tsaya, kamar ban juya mota a wurin nan sau ɗari ba. Na juya tsaf. Ya buga bayan motar sau biyu alamar na fita.

Na tafi a hankali, ina jin haushin kaina kamar in yi ihu. Da na duba madubi yana nan tsaye a tsakiyar hanya, bai koma ciki ba, yana jira ya ga ko fitilar birki za ta kama. Ban taka ba.