Ruwan Jegon Badi'a

Tun ranar da malamar asibiti ta ce jinin matata Badi'a ya hau, ban ƙara zama wuri ɗaya na minti goma ba. Cikin yana wata takwas. Malamar ta kalle ni ido cikin ido ta ce, "Malam Tasi'u, idan ta haihu, ban da tafasasshen ruwan wanka, ban da kunun kanwa. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba." Na ce to. Faɗin to ɗin ai ba wuya.

Wuyar tana Kara, can ƙasar Gwarzo, inda surukata Inna Raliya ta riga ta sa an fasa ganga biyu, an jibge itace a bayan ɗaki. Haihuwar fari ce, don haka al'ada ta ce Badi'a ta koma gidansu wanka, kwana arba'in, safe da yamma, ana tsoma ganye a ruwan da ke tafarfasa ana fyaɗa mata a jiki. Ni kuwa na san wankan nan. Yayata Fiddausi ta yi shi, a kwana na talatin ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya gagare ta, muka kai ta makwancinta. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa.

Sai na yi dabara irin ta malamin kimiyya, don abin da nake koyarwa ke nan a sakandare nan Kabo. Na sayo hita mai aiki da gas, irin wadda ba ta da tanki, kana buɗe famfo wuta ta kama ta ɗumama ruwan yana wucewa. Abin da ya ja ni gare ta lamba ce a goshinta: zafin da ka saita, a nan za ta tsaya. Na saita arba'in da biyu. Na aika wa Inna cewa ga ruwan zafi a gida, ta zo ta yi wa 'yarta wankan a nan.

Ta zo dubawa ranar Talata. Ita ba ta yi min magana kai tsaye, ni ma ba na ɗaga ido in kalle ta, komai ta bakin Badi'a yake bi. Ta shiga banɗaki ta murɗa famfo ta tara hannu. Ina tsakar gida ina jin zubar ruwa. Shiru. Shiru. Kai, kamar an shekara!

Ta fito tana yarfe hannu. "Ke Badi'a, ki gaya masa wannan ruwan ko kaza ba zai fige ba. Ruwan sanyi za a kwara wa mai jego? Sanyi ya shige ta, wa zai fitar? Kina haihuwa zan aiko mota."

Gaskiyarta ne kuma, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Saboda tukunyar gas na kafa hitar a bangon kicin, banɗaki kuwa yana can ƙarshen gida. Duk ruwan da ya kwana a bututu sai ya gama zuba kafin mai zafi ya iso. Bokiti guda cur na sanyi.

Washegari na hau babur zuwa Gwarzo wajen Zailani mai aikin famfo. Mutum ne da ba ya sauri ko gobara ake yi. Ya ce maganin abin ƙaramin inji ne mai zagayawa da ruwa, ya janye wanda ya huce ya mayar wa hita. Amma hanya biyu ce.

"Ko dai in sa maka ɗan makulli a banɗaki, ruwan ya koma ta bututun sanyi, wannan wuni ɗaya na gama. Sai dai famfonka na sanyi zai riƙa ba da ɗumi-ɗumi. Ko kuma mu ja sabon bututu ya koma hita kai tsaye. Shi ne mai kyau, amma sai mun fasa simintin tsakar gidanka, kwana shida."

"Kwana shida? Zailani, matata haihuwa yau ko gobe!"

"To ka ɗauki na wuni ɗaya."

Na ɗauka. Kafin in kai Kabo na canza. Na tuna Inna tana buɗe famfon sanyi don ta cika randa ta ji ɗumi, ta ce ka ga, injin nasa ma bai san sanyi da zafi ba. Na juya babur. A tsakiyar hanya kuma na tuna Badi'a da tsohon ciki tana tsallake rami, na sake tsayawa a gindin wata ɗorawa ina zagin kaina. Sau uku na kira Zailani a ranar, har ya ce, "Malam, don Allah ka bar ni in ci abinci."

Sabon bututun na zaɓa. Muka farfashe tsakar gida, na shimfiɗa katako Badi'a tana bi a kai tana min dariya. Kullum ina tashi daga makaranta sai in tuɓe riga in karɓi diga, maƙwabta suna leƙe suna tambaya ko rijiya nake haƙa. Zailani ya so ya sa agogon da zai riƙa kunna injin da kansa, na ce a'a, gas zai ƙare a banza, ya sa maɓalli a ƙofar banɗaki. Ka danna, ka ɗan jira, ka buɗe. Ranar da muka shafe siminti, ko bushewa bai yi ba naƙuda ta tashi.

Ta sauka lafiya, mace. Inna ta iso da ƙullin kayanta da direban da zai kwashe su. Na tsaya a zaure ina jira. Aka danna mata maɓalli, ta murɗa famfo, tururi ya taso nan take. Ta daɗe a ciki. Da ta fito sai ta ce da direban ya sauke kaya ya tafi. Wallahi na kusa yin rawa a gaban surukata.

Aka yi suna, aka sa wa yarinya Zinnira. Ina tafiya makaranta da safe ina jin kaina wani gwarzo. Sai dai hankalina bai kwanta duka ba. Badi'a tana fitowa wanka jikinta jawur, ta zauna a bakin gado tana haki, in na tambaya ta ce gajiya ce.

Ranar kwana na goma sha ɗaya na dawo da wuri, wajen la'asar, saboda an soke taron malamai. Inna ta shiga maƙwabta barka. Na bi ta bangon kicin, idona ya faɗa kan hitar. Sittin da biyar. Ƙarshen lambarta ke nan.

Raina ya ɓaci. Na tarar da Badi'a a ƙofar banɗaki da zani a ƙirji, ta riga ta danna maɓalli.

"Inna ce ta taɓa min hita?"

"Inna ta san wata lamba? Ni ce, Malam."

"Ke?"

"Ni. Kana fita nake ƙarawa, kafin ka dawo in mayar." Idonta ya ciko. "Kai kana tsoron abin da malamar asibiti ta faɗa. Ni tun ina yarinya nake jin wadda ba ta gasu ba ciwo ba ya barin ta har tsufa. Ni ma tsoro nake ji. Idan ka rage, gobe in bi Inna Kara."

Na fasa gida, na hana ta gangar Kara, ashe tafasasshen ruwan na jawo mata har bakin ƙofa, ba ta ko jiran wuta ta kama.

Na naɗe hannun riga na wuce ta, na murɗa famfon, na tura damtsena ƙarƙashi. Na ƙidaya a fili. Ɗaya. Biyu. Uku. A huɗu na ji kamar ana yanka ni da wuƙa, amma na dafe bango na tsaya.

"Malam! Ka haukace ne? Cire!"

Ita ta fizgo ni a bakwai. Fatar ta yi ja, ta fara tasowa. Ta riƙe hannun tana kallo.

Na ce, "Ni lafiyata ƙalau, ban kai goma ba. Ke kuma sau biyu kullum, da wannan zuciyar."

Ta ja ni ta tara hannuna a famfon sanyi, ta ce in tsaya a nan kada in motsa. Ta yafa mayafi ta nufi bangon kicin. Daga inda nake ina jin ƙaramar ƙarar hitar duk danna ɗaya, lambar tana sauka, tana sauka, ta daɗe ba ta tsaya ba.

Ta dawo tana share ido da gefen mayafi. "Kada ka gaya wa Inna," ta ce.