Ranar da Na Ci Surukina

Shekara goma sha tara ke nan ina koya wa mutane tuƙin mota, kuma idan aka tace ilimina gaba ɗaya abin da zai rage shi ne taka birki. A motar koyarwa akwai birki na biyu a gefen da nake zama, ƙafata ta saba da shi har ko a kan kujerar falo sai in ji tana lalube. Shi ya sa tun ranar da surukina ya fara ganina ya sa mini suna Malam Birki, bai kuma sake tambayar sunana na gaskiya ba.

Baba ya zo gidanmu ne bayan an yi masa aiki a gwiwa. Gidansa yana wani gari, a hawa na biyu, matakala talatin da ɗaya, kuma shi kaɗai ne a ciki tun rasuwar surukata. Likita ya ce wata uku kada ya kuskura ya hau bene. Mu kuwa gidan ƙasa ne da mu, yara duk suna makarantar kwana, ɗaki a buɗe. Muka karɓe shi hannu bibbiyu. Matashi biyu a bayansa, ɗaya a ƙarƙashin ƙafa, rimot a hannunsa, shayi kafin ya nema. In ya yi tari, matata ta taso daga kicin. In ya yi magana, mu haɗa baki mu ce haka ne, Baba.

Sati uku da zuwansa, ranar Lahadi, ya haɗa jakarsa ya jingine ta a bakin ƙofar falo.

"Ranar Asabar zan koma," in ji shi. "Kun kyauta. Allah ya yi albarka."

Matata ta ja ni kicin ta tura ƙofa.

"Ka ji dai da kunnenka. In ya hau benen nan gwiwar ta tashi aiki, sai an sake yanka. Ni na yi magana har na gaji. Kai ne namiji, ka san yadda za ka yi da shi."

"Ni? Mutumin da in ya shigo falo nake rasa inda zan ajiye hannuna?"

"Ka ajiye shi a aljihu. Kwana shida gare ka."

Ranar Litinin da na dawo aiki na hau kujera na sauko da lidon yara daga saman kabad. Kwalin ya yi ƙura, allon ya dare a tsakiya an liƙe shi da salatif, ɗa ɗaya daga cikin jajaye ya ɓata tun da daɗewa, an maye gurbinsa da maɓallin wata tsohuwar rigata. Tunanina shi ne, tsoho in ya sami abin yi zai manta da jaka.

Baba shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran rubutu a maɗaba'a. Har yanzu da jan biro yake yawo a aljihun gaba, kalandar falonmu ma ba ta tsira ba. Amma lido bai taɓa bugawa ba. Ya gyara tabarau ya ce, "To, Malam Birki, koyar."

Nan fa na shiga fagena. Na nuna masa gidaje huɗu a kusurwoyin allo, kowanne da launinsa da 'ya'yansa huɗu. Na ba shi kore, na ɗauki ja saboda maɓallin. Na nuna masa ƙwayar nan mai fuska shida da ɗan kofin da ake kaɗa ta.

"Ɗa ba ya fita gida sai kun jefa shida, Baba. In shida ta fito, ku fito da ɗaya, ku sake jefawa. Daga nan duk abin da ƙwaya ta nuna, ku ƙirga gida-gida ku bi ta hannun dama. In ɗa ya zagaye allon, sai ya hau layin launinsa ya shige tsakiya. Wanda ya riga shigar da huɗunsa, shi ya yi nasara."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Ba shi ke nan ba ne. Akwai doka ɗaya da na tsallake, wadda ita ce gishirin wasan: in ɗanka ya sauka a kan na abokin wasa, ka ci shi, ya koma gida ya sake jiran shida. Na buɗe baki zan faɗa, sai na hango kaina ina duban mahaifin matata, mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa na ƙoshi ba, ina ce masa na ci ka. Ƙafata ta taka birki.

Ba mu yi minti goma ba na jefa huɗu, huɗun kuwa ta kai ni daidai kan ɗan Baba. Ba ni da wani ɗa a waje da zan matsa. Na ajiye nawa a gefen nasa a hankali, kamar mai fakin kusa da motar 'yan sanda.

"In an haɗu fa?" ya tambaya.

"Sai a gaisa, Baba. A zauna tare."

Can shi ma ya sauka a kan nawa. Na ga in na bar shi haka ai na cuce shi, sai na ɗauke ɗana na mai da gida.

"Ya kuma haka? Ba gaisawa ake yi ba?"

"Ai in babba ne ya tarar da ƙarami, ƙaramin ne ke ba da wuri."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗauki kofin. Ya cinye wasan. Matata ta fito tana tafi kamar an ciyo kofin duniya. Ranar Talata ya sake cinyewa, Laraba ma haka. Ni ina ta murna dabara ta yi, sai dai na lura kullum yana kaɗa kofin da ƙarancin ƙarfi fiye da jiya. Ranar Alhamis ya shigar da ɗansa na ƙarshe, ya yi hamma, ya ce wasan nan kamar maganin safe yake, ana sha ne don an ce a sha. Sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa motar farko ke tashi daga tasha ranar Asabar.

Ranar Juma'a na dawo da wuri, bayan wata ɗaliba ta kusa shigar da ni cikin shagon mai gyaran taya da baya. Matata ta fita sayayya. Na tarar da Baba a teburin cin abinci, ya juya murfin kwalin lido a gabansa, jan biro a hannu. Shekara nawa kwalin nan yana gidana, ban taɓa sanin an buga dokokin wasan a cikin murfin ba.

"Zauna, Malam Birki."

Na zauna a bakin kujera.

"Wanda ya buga wannan ya ci waƙafi biyu, ya maimaita kalma ɗaya a layi na bakwai. Duk na gyara. Amma na karanta sau biyu, ban ga inda aka tambayi shekarun 'yan wasa ba. Gaisuwar ma ban ganta ba. Ko tana ɗaya murfin?"

"Wato, Baba, ita dokar... kowane gida da yadda..."

"Kwana huɗu kana kauce mini kamar ka ga motar asibiti da jiniya." Ya rufe biron. "Ran nan na ce yau Laraba, alhali Talata ce. Da gangan na faɗa. Kai da matarka kuka ce haka ne, Baba, ga kalanda a saman kanku. A gidana mai gadi kullum sai ya yi mini musu a kan ƙwallo, bai san komai ba, amma yana musu. A nan sati huɗu ba wanda ya ce mini a'a. Da na kwanta asibiti haka ma'aikatan suke yi wa wanda ke gado na ƙarshe, wanda suka san ba zai tashi ba. Gwiwata aka yanka, Malam, ba kaina ba."

Bakina ya ɗauko haka ne Baba, na haɗiye ta da ƙyar.

"Jera," ya ce. "Yadda aka rubuta."

Wasan ranar dabam ne. Kofin har ƙara yake a hannunsa. Ya ci mini ɗa biyu tun kafin in zagaya rabin allo, kowanne kuma sai ya ɗaga shi sama ya duba kamar kuskuren da ya kamo a shafin farko, sannan ya ajiye mini a gida da ladabi. Ni kuwa ƙwaya ta yi mini sutura, ba ta kai ni kansa ba ko sau ɗaya. Ina ta addu'a a zuci ta ci gaba da haka.

Muna tsaka da wasa matata ta dawo, ta ajiye ledoji ta tsaya a bayansa. Ba ta san an yi zaman kotu ba. A lokacin Baba ya shigar da uku, ɗansa na ƙarshe saura gida biyu ya hau layin kore inda ba mai iya taɓa shi. Ni na shigar da biyu, ɗaya yana can baya yana tafiyar ɗalibi, maɓallin rigata kuma yana gida uku a bayan ɗan Baba.

Na kaɗa, na jefa. Uku.

Ba wanda bai ƙirga ba. Matata ta zaro ido, ta nuna mini ɗan da ke can baya da haɓa, ta nuna jakar da ke bakin ƙofa, ta ja yatsa a wuyanta, ban sani ba ko wuyana take nufi. Hanya a buɗe take, in matsa wancan ɗan gida uku, doka ba ta hana ba. Baba bai dube ni ba. Allon yake kallo, ya ɗora hannu a kan sandarsa kamar mai shirin tashi.

Ƙafata ta yi lalube a ƙarƙashin tebur, ba ta sami komai ba sai ƙafar kujera. Na ɗauki maɓallin. Ɗaya, biyu, uku.

"Baba," na ce, muryata kamar ta ɗalibi ranar gwaji, "na... na ci ku."

"Ku?" Ya ɗago. "Mu nawa ka gani a nan? Ɗa ɗaya ne, mutum ɗaya. Gyara jimlar."

"Na ci ka, Baba."

Matata ta dafa kai. Baba ya dubi ɗansa, ya dubi tsawon hanyar da ya sha, sai ya buga sanda a ƙasa.

"Ƙarya ne! Ƙwayar nan jingine take da bakin allo. A sake!"

"A kwance take, Baba."

"Na ce a jingine take!"

"A'a, Baba. Uku ce, kowa ya gani."

Ni kaina sai da na waiga in ga wanda ya yi maganar. Baba ya juya wajen 'yarsa ya ce ta faɗi tsakaninta da Allah. Ita kuma, da ta ga yadda fuskar ubanta ta yi haske kamar an kunna fitila, ta ce, "Gaskiya Baba uku ce. Kuma ɗazu ina kallo ka ƙirga biyar a kan huɗu."

"Iye! Haɗa kai kuka yi? A gidan nan za a yi mini taron dangi?"

Ya ɗauki ɗansa da kansa ya dangwara a gida, ya fizge kofin. Sau tara yana jefawa shida ta ƙi zuwa, kowace jifa da irin sunan da yake kiran ƙwayar. Na shigar da maɓallin, na lallaɓo da na bayan, na cinye wasan. A rayuwata ban taɓa cin wani abu da tsoro irin wannan ba, har da jarrabawar lasisi.

"Sake jerawa," in ji Baba.

"Baba, abinci fa," in ji matata.

"Ya jira."

Na tattaro 'ya'yan ina jerawa. Da yake ni mutum ne da ba ya iya barin abu ya wuce lafiya, sai na ce, "Af, Baba, na tambaya a tasha. Motar farko ƙarfe bakwai."

"Wace mota? Wasanni huɗun farko duk na soke su, ba a kan doka aka yi ba. Yanzu kai ke da ɗaya, ni ba ko ɗaya. In tafi garinmu a ce maɓallin riga ya kore ni?" Ya nuna bakin ƙofa da sanda. "Ke, ɗauke jakar nan daga hanya, mutum zai iya tuntuɓe."

Ta ɗauke ta da sauri kafin ya sake shawara. Da ta zo wucewa ta bayana ta rankwashe ni a ƙeya, a hankali dai, irin na an gode.

Baba ya miƙo hannu ya juya allon, jajaye suka koma gabansa. Ya ɗaga maɓallin ya duba shi gaba da baya.

"Wannan nawa ne daga yau," ya ce. "Kai riƙe koren. Kuma ka cire ƙafarka daga kan tawa, tun ɗazu kake taka ni."