Ƙarfen Tsakiya

Yayata ta fi kowa tsawo a gidanmu, har da Baba lokacin yana da rai. Sai ta sunkuya take shiga ƙofar ɗakinmu, kuma duk rigar da aka ɗinka mata sai tela ya yi ƙari a ƙasa yana mita. Yaran layinmu Falwaya suke ce mata. Tun tana bin su da gudu har ta gaji ta bari. Yanzu idan suka kira, wani lokaci juyowa take yi kamar sunanta ne na gaskiya.

Bara ta samu aiki a wani gidan kaji da ke bayan gari, tsintar ƙwai da jera shi a kiret. Ba wani babban aiki ba ne, amma shi ne na farko da ya shigo gidanmu tun rasuwar Baba. Matsalar ita ce mota ba ta wuce inda kwalta ta ƙare, daga nan sai ƙafa, kuma tafiya ce mai nisa cikin turɓaya. Komai sammakonta sai ta tarar an fara. Manajan ya gaya mata ba tare da ɗaga murya ba cewa gwaji take yi, kuma akwai masu jiran gurbin. Ta dawo ranar ba ta ci abinci ba, ta ce keke za ta nema.

Ta fara da aron na wata ƙawarta, irin na mata mai kwando a gaba. Ko ƙarshen layi ba ta kai ba ta sauka, gwiwoyinta suna dukan kan keken duk juyi ɗaya. Mai facin bakin titi ya ɗaga mata sirdin har ƙarshensa, ya ja baya ya dube ta, ya ce shi dai kamar an ɗora tsani a kan akuya yake gani. Yaya ta yi dariya tare da shi. Ni ce na ji haushi, amma ni ba na iya magana a gaban mutane, bakina rawa yake yi.

Muka shiga yawo. Duk ranar hutunta sai ta janye ni daga kan littafi mu tafi wajen masu sayar da na hannu, mu tafi wajen 'yan gwangwan inda tsofaffin kekuna suke jibge kamar ƙasusuwa. Ko'ina amsa ɗaya ce: ba a yin na mata a tsawonta. Wani ya ce ta haƙura ta sayi babur, kamar babur a ƙasa ake tsinta. Mai facin nan da ya yi mata tsiya shi ne daga baya ya tuna da wani dogon mutum mai karanta mitar ruwa, wanda ya rasu da daɗewa, ya ce mu je mu tambayi matarsa.

Tsohuwar ta kai mu wani ɗakin tarkace, ta nuna sama. Kekensa yana rataye a jikin azara, tayoyi sun ruɓe, gizo-gizo ya yi gida a tsakanin wayoyinsu. Baƙi ne, ko kuma dai ya taɓa zama baƙi. Birkinsa na sanda ne, ba na waya ba, sirdinsa na fata mai manyan sifirin biyu a ƙasa. Kuma dogo ne, ban taɓa ganin keke mai tsawonsa ba. Tsohuwar ta ce 'ya'yanta maza duk sun gwada, babu wanda ƙafarsa ta kai feda. Yaya ta sauke shi da kanta ba tare da ta taka komai ba. Tsohuwar ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce haka marigayin yake sauke shi. Suka daidaita kuɗi a tsakaninsu, muka turo shi gida a kan ƙarfen taya, yana ƙara duk layi na jin mu.

Na maza ne. Yana da ƙarfen nan na tsakiya da ya tashi daga ƙarƙashin sirdi ya miƙe zuwa wuyan keken. Inna ta fara kallon wannan ƙarfen kafin ta kalli komai.

A bayan ɗaki muka yi aikin, kusa da randar ruwa. Yaya ba ta taɓa kwance keke ba, sai dai tana da haƙuri da abin hannu. Ta ari sifana, ta kwance shi gunduwa-gunduwa, tana jera kowane noti a kan tsohon buhu yadda ya fito don kada ta manta mazauninsa. Sarƙar ta daskare kamar sanda, ta jiƙa ta a kananzir har ta saki. Aikina shi ne riƙe ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ke cikin gindin feda a murfin gwangwani. Sau ɗaya murfin ya suɓuce mini suka watse, muka yini a durƙushe muna lalube cikin ƙasa, tana ce mini malamar littafi mai hannun kuturu. Ta goge tsatsa da takardar yashi har yatsunta suka sale. A ƙarƙashin tsatsar muka ga wani siririn layi ruwan zinare da ya bi jikin ƙarfen tsakiya daga farko har ƙarshe. Ta ce wannan ba za ta shafa masa fenti ba, ta zagaye shi da ɗan burushi, numfashi a riƙe. Sirdin ya bushe ya tsattsage, ta riƙa shafa masa mai kullum da yamma har ya yi laushi. Har yanzu akwai lotsawar zaman mai mita a jikinsa. Tayoyi da robar birki kawai ta saya sababbi.

Ranar da ya haɗu, muka fita da shi filin makaranta da sassafe. Ta sa dogon wando a ƙarƙashin rigarta, ta tattare rigar, ta taka feda ɗaya, ta wurga ɗaya ƙafar ta bayan sirdi. Sai ga ta a sama. Na ga ƙafarta ta miƙe sosai har ƙasa, ta dawo, ta sake miƙewa, bayanta a tsaye ba ta ranƙwafa ba. Ta zagaya filin, ta sake zagayawa, ta ƙi tsayawa. Da ta tsaya a gabana tana haki sai ta ce:

"Ƙanwata, ashe haka kuke ji? Komai daidai ku?"

Sai na kaɗa mata ƙararrawar keken.

Ta fara zuwa aiki da shi. Ta daina makara, har ita take riga mai buɗe ƙofa. Tana dawowa da sauran rana, wani lokaci da kiret na ƙwan da ya tsage wanda ake bar wa ma'aikata, a ɗaure a kariyar bayan keken. Manajan ya ce idan ta ɗore a haka, ƙarshen wata za a tabbatar da ita.

Amma layinmu yana da ido. Maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, ta zauna, rariyar a cinyarta, ta ce ita fa ba gulma ta kawo ta ba. Ta ce kawai dai mazan da ke zama a shagon aski sun mayar da fitar Yaya abin kallo, har jira suke yi su ga yadda take wurga ƙafa. Ta ce yarinya tsawo ya riga ya yi mata yawa, ga kuma keken maza, wa zai tunkare ta? Inna ta yi murmushi, ta raka ta har ƙofa, ta dawo ta zauna. Inna ba muguwa ba ce, ina so a san wannan. Mace ce da aka bar wa 'ya'ya mata biyu, kuma tana tsoron bakin mutane fiye da yadda take tsoron yunwa. Ta yi wa Yaya magana sau biyu. Yaya ta ce ba tsirara take hawa ba, kuma masu shagon aski ba su ne suke ciyar da mu ba.

Ranar hutunta ta gaba, mu biyu muka je kai wa tsohuwar nan ƙwai, a ƙafa, don keken ba ya ɗaukar mu duka a cikin yashi. Da muka dawo muka tarar da Kawu a tsakar gida. Ƙanin Inna ne, mai walda, ƙofofi da tagogi yake yi, kuma tun rasuwar Baba bai taɓa zuwa gidanmu hannu rabbana ba. Yana zaune yana shan shayi, fuskarsa cike da fara'a. Keken yana jingine a bango. Na ji warin ƙonannen fenti kafin na gane abin da ya canza.

Babu ƙarfen tsakiya. An yanke shi daga gaba da baya, an goge wurin, an shafa baƙin fenti. Can ƙasa kusa da feda Kawu ya liƙa wani guntun rodi, irin wanda yake sa wa taga.

"Ga shi nan, 'yata," in ji Kawu. "Na mayar miki da shi na mata. Yanzu sai ki shiga ta gaba kamar kowace mace, ba sai kin yi tsallen ɓarawo ba. Kuma ko sisi ba zan karɓa ba."

Yaya ta tsaya. Ta ɗora hannu a inda ƙarfen yake a da, hannun ya wuce cikin iska. Ta tambaya a hankali ina aka kai wanda aka cire. Inna ta ce yana ɗakinta. Yaya ta roƙi Kawu ya mayar. Ta ce wannan ƙarfen shi ne yake riƙe gaba da baya, keke mai tsawo haka ba zai tsaya ba sai da shi. Fara'ar Kawu ta ɗauke. Ya ce tun ba a haife ta ba yake ƙona ƙarfe, kuma ƙofar da ya yi ba ta taɓa faɗuwa ba. Ya ce ya rufe shago ya ɗauko inji a ka saboda ita, ashe abin da zai samu ke nan. Inna ta ce Yaya ta yi wa kawunta godiya, kuma idan ta kai keken wajen wani mai walda, to ta tozarta ɗan'uwanta a gari, ba da yawunta ba.

Yaya ta ce, "Na gode, Kawu." Ban taɓa jin godiya mai ɗaci irin wannan ba.

Washegari aiki, babu yadda za ta yi, ta hau. Ta ce mini yana lilo a ƙarƙashinta, idan ta taka da ƙarfi sai ta ji kan yana matsowa kamar zai gaishe ta. Ta riƙa tafiya a hankali, tana sauka a wurin gargada, ta fara makara kaɗan-kaɗan. Wata safiya da ta ga rana ta ɗaga sai ta saki birki a gangaren da ke bayan ƙarshen kwalta. Akwai rami a ƙasan gangaren. Ta sha faɗawa cikinsa a da, keken bai ko girgiza ba. Wannan karon waldar rodin ta ɓalle, ƙarfen da ya rage ya lanƙwashe, keken ya naɗe kamar wuƙar aljihu da ita a kai.

Wani mai amalanke ya kawo su gida, ita da keken. Gwiwarta ta kumbura ta kai girman ƙwarya, fatar hannunta ta sale har gwiwar hannu. Ba ta karye ba, amma ta yi kwanaki ba ta taka ƙasa. Ni aka aika gidan kajin in ba da haƙuri. Na tsara maganata tun daga gida, ina maimaitawa a hanya, da na isa gaban manajan duk ta gudu. Bai yi faɗa ba. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, kaji ba sa jiran kowa. Ta bayan kafaɗarsa na hango wata yarinya tana jera ƙwai, sanye da rigar aikin Yaya, an naɗe hannuwan rigar sau da yawa.

Da yamma Kawu ya zo dubiya da lemo a leda. Ya duba keken, ya girgiza kai, ya ce tsohon ƙarfe ke nan, ba shi da amana, gara da abin ya tsaya iya nan. Maƙwabciyarmu ta ce da ma keke ba abin hawan mace ba ne, ga shi Allah ya nuna. Inna ta ce Allah dai ya kiyaye gaba, tana share hawaye, kuma hawayen na gaskiya ne. Babu wanda ya ambaci yankan. Na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ko zan ga wanda ya tuna, ban gani ba. Yaya ta juya fuska bango.

Mai facin bakin titi ya zo ya gani, ya ce wuyan ya tsage, ba ya gyaruwa. 'Yan gwangwan suka ɗauke shi a kan awo. Sirdin kaɗai Yaya ta cire, yana ƙarƙashin gadonta. Ba mu sake zuwa wajen tsohuwar nan ba, Yaya ta ce ba ta da fuskar da za ta kalle ta.

Ƙarfen tsakiyar bai ɓata ba. Sakatar ƙofar gidanmu ta daɗe da lalacewa, sai Kawu ya zo ya liƙa ƙugiya biyu a jikin bango, Inna ta fito da ƙarfen daga ɗaki. Ya shiga daidai kamar an auna. Kowa ya ce ƙarfe ne mai kyau, irin na da, ba a yin irinsa yanzu. Layin zinaren yana nan a jikinsa.

Yaya ta warke, tana gida, tana tsintar ƙasa a cikin wake idan Inna ta samo aikatau. Kullum da yamma Inna takan ce a rufe ƙofa, kuma yawanci ni ce nake tashi da sauri kafin ta sake faɗa. Jiya ina karatu ban ji ba. Da na ɗago, Yaya ce tsaye a bakin ƙofa, ta sunkuya, ƙarfen a hannunta, babban yatsanta yana bin layin. Inna ta ce daga ɗaki me ake jira. Yaya ta zura shi cikin ƙugiyoyin, ta jijjiga ƙofar ta ji ta kama.

"Yana riƙewa," ta ce.