Sirdin Baya

Duk wanda ya ce miki keke mai sirdi biyu abin soyayya ne, ki tambaye shi a wane sirdin ya zauna. Ni a na baya nake tun aurenmu, kuma babu abin da na fi kallo a duniyar nan kamar bayan mijina. Duk shekara, in zafi ya ɗan sauka, sai mu ɗaure jakunkuna a kariyar ɗaukar kaya ta bayan keken, mu bi ta cikin gonaki da ƙauyuka, mu kwana a ƙananan masaukai, har mu faɗa bakin teku. Shi ne a gaba, da kan keke da birki da ƙararrawa. Ni kuwa feda kawai aka ba ni, sai bakina.

Tsohon direban bas ne, shi ya sa nake ce masa Direba, shi kuma ya ce mini Fasinja. Faɗinsa ya kai na ƙofar ɗaki, don haka duk abin da ke gaba sai dai ya ba ni labari. Da na gaji da kallon farar riga, sai na koma ɗinka masa rigunan tafiya da kaina, tunda ɗinki ne sana'ata. Ina yi wa bayan kowace ado: wata kifi, wata itacen dabino, wata kaza da 'ya'yanta. Shi a zatonsa gata nake yi masa. Ni kuwa abin kallo nake sama wa kaina.

A bana ne likitan ido ya kawo mana tsaiko. A gabana da gaban Auta, 'yarmu ta ƙarshe, ya faɗa masa cewa abin da ke kusa yana gani lafiya lau, amma na nesa ya tafi, kuma tabarau ba zai dawo da shi ba. Direba ya yi wa likitan godiya irin wadda ake yi wa wanda ya faɗi labarin wani.

A gida Auta ta tsaya a bakin ɗakin ajiya, mukulli a hannu.

"Baba, Mama ce za ta zauna gaba. In ba haka ba, ko ƙwarzane ɗaya kuka dawo da shi, na kulle keken nan ke nan. Wallahi ba da wasa nake ba."

"To, Auta," in ji shi.

Na san wannan "to" ɗin sarai. Muna shan kwanar layinmu ya ce in sauka ya duba kaca, kafin in gyara ɗankwali ya haye gaba ya riƙe kai. Raina ya ɓaci, amma tsoron da ke ƙarƙashin ɓacin ran ya fi yawa. Tafiyar nan ita ce abin da muke jira duk shekara, kuma na san in muka faɗi sau ɗaya, ta ƙare.

Hanyar farko shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki dama da hagu, shanu suna kiwo a kwari, iska tana kaɗa ganyen masara. Ya san ta kamar tafin hannunsa, sai dai ramukan da suka fito bana ba su sanar da shi ba. Na koma leƙawa ta gefen hammatarsa ina tuƙi da mita.

"Kai hagu mana, ina son inuwar can."

"Wace inuwa kuma?"

"Ni dai na ce hagu."

Muka wuce ramin da zai iya haɗiye tayar gaba. In magana ba ta yi sauri ba, sai in mintsine shi a kwiɓin da nake so ya bi. Kafin azahar ya ce da alama tsufa ya sa na zama kunama.

Can gaba ya rage gudu, ya ɗaga hannu ya yi sallama da ƙarfi. "Sannu da aiki, Malam! Yaya amfanin bana?"

Malam ɗin mutum-mutumi ne, an sa masa tsohuwar riga da malafa don korar tsuntsaye. Direba ya jira amsa, ya ji shiru.

"Mutanen yanzu ba su da gaisuwa," ya ce.

"Ƙila yana da 'yar matsalar ji," na ce, na cusa fuskata cikin kazar da ke bayansa don kada ya ji dariyar. Da dariyar ta wuce kuma sai na ji kamar in yi kuka.

Washegari tayar baya ta yi faci a gindin wani babban itace. Nan kam gwanin ne. Ya zare tib, ya bi shi da yatsa, ya gano hudar da ni ko da tabarau ban gani ba, ya liƙe, ya ba ni famfo in buga. Ganin yana cikin nishaɗi sai na gwada sa'ata.

"Direba, ni fa na gaji da bayanka. Ka ba ni gaba in ga duniya ni ma."

"Ke? Da wane lasisin?"

"Da keke nake zuwa kasuwa tun kafin ka san ni."

"Kasuwa daban, gangara daban. Kuma in na koma baya wa zai riƙa taka mana? Na san ki, Fasinja. Kina ɗora ƙafa ne kawai feda na juya ki."

Wannan sharrin ya daɗe yana yi mini shi, kuma ƙarya ne, sai dai ɗan wani lokaci in muna hawan tudu.

Tudun ƙarshe kafin teku dogo ne, mai kwana-kwana. A samansa akwai wata kwana da in ka sha ta, teku ke buɗewa gaba ɗaya, daga nan kuma sai gangara mai tsanani har bakin ruwa. Duk shekara a wurin yake ƙwala ihu, "Ga ta can!" ya buga ƙararrawa, ni kuma in yi ta miƙa wuya ina neman rabona ta gefen kunnensa.

Muna cikin hawa, muna haki, sai na ji ihun. "Ga ta can, Fasinja! Dubi yadda take ƙyalli!"

Na leƙa. Wani dogon sito ne sabo a gefen hanya, mai shuɗin kwano, rana na dukansa. Kwanar gaskiya tana gaba da sauran tafiya. Ya buga ƙararrawa har sau biyu, yana murna kamar yaro.

Muka ci gaba da takawa. Muka sha kwanar, teku ta buɗe, shimfiɗe har inda ido ya tsaya, da kwale-kwalen masunta a kanta. Direba ya ci gaba da taka feda, bai gan ta ba. Sai iskar ta bugo mu da ƙanshin gishiri, na ga wuyansa ya sandare. Ya ja birki a hankali, ya sa ƙafa a ƙasa.

Mun daɗe a tsaye. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin ba, kuma na san in na nuna masa, ya fi faɗuwa a kwalta ciwo.

"Waccan ta ɗazu mece ce?" ya tambaya, bai juyo ba.

"Sito."

"Mai kyau dai?"

"Ba laifi. Sabon kwano ne."

Kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ko kuma duka biyun, ban leƙa na tantance ba.

"Manomin jiya fa?"

"Kara ne da malafa."

"Kika bar ni ina zagin mutanen yanzu!" Ya share ido da bayan hannu. Sannan ya sauko, ya riƙe keken, ya tsaya yana kallon gangarar da ba ya gani. "Auta za ta kulle shi, ko?"

"In mun faɗi."

Ya sassauta sirdin gaba, ya sauke shi daidai tsawona, ya ɗaure, ya jijjiga ya ga ya zauna. "Birkin baya za ki fara ja, ba na gaba ba. Kada ki kalli taya, ki kalli inda za ki."

"Na ji, Fasinja."

"Kai! Tun yanzu?"

Tashin farko muka yi tangal-tangal kamar za mu gaisa da ciyawar gefen hanya. Nauyinsa a baya kamar na ɗauko buhun siminti. Amma keken ya miƙe, iska ta cika mini riga, ga hanya gaba ɗaya a buɗe ba kowa a gabana. Ashe haka gaba take! Na buga ƙararrawa ba dalili, na sake bugawa.

"Faɗa mini," ya ce daga baya. "Wane launi take yau?"

Na faɗa masa. Kusa da gaɓa kore-kore, can ciki shuɗi mai duhu, kumfa fari yana birgima a kan rairayi. Na ba shi labarin kwale-kwale mai jan ƙyalle, da fararen tsuntsayen da ke bin masunta, da wata mata mai shanya taru a kan duwatsu. Ban iya tsara labari kamarsa ba, amma bai gyara mini ko kalma ɗaya ba.

Da gangara ta ƙare muka shiga hanyar da ke bin gefen ruwa, sai na ji feda ta yi nauyi.

"Kana takawa kuwa?"

"Ina takawa mana."

"Ƙarya kake, ina ji a gwiwata."

"Ashe nan baya akwai hutu haka? Shi ya sa kika ɓoye mini duk shekarun nan."

Na buɗe baki zan rama, sai na ji yatsansa a bayana, yana bin ƙananan furannin da ke jikin rigata ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar riga ce, ni kaina na manta da furannin.

"Akwai wata a nan da zarenta ya warware," ya ce. "Ga kuma furfura ta leƙo ta ƙasan ɗankwalinki."

"To sai me? Ka kalli teku mana."

"Ke ki kalla mana ita," in ji shi. "Ni wannan nake gani tar."