Yashin da Teku Bai Maido Ba

Ranar da taru ya yi nauyi har maza suka kira mu mata mu kama musu igiya, ni ce na fara washe baki. Rabonmu da irin wannan nauyi har na manta. Muka kafe ƙafafu cikin yashi muna ja, igiya na cin tafin hannu, maƙwabciyata Uwar Biyu tana bayana tana nishi tana zayyano abin da za ta saya, har da wani zane da ta daɗe tana yi wa kallon nesa a kasuwa. Maigidana yana can gaba, ruwa iya ƙugu, yana daka tsawa a ja da ƙarfi, sai ka ce da can wasa muke yi.

Da taru ya hau gaɓa aka buɗe cikinsa, muka leƙa. Leda ce, baƙa da fara, ta sha ruwa ta cure da laka. Ga gorunan roba, ga tsumman buhu, har da takalmin yaro wari ɗaya. Kifin da ke ciki bai cika kwano ba, shi ma 'yan mitsi-mitsi, irin waɗanda a da muke watsa wa kuliyoyi.

Na ɗaga wata doguwar leda na ce, "Uwar Biyu, ga zanenki ya iso. Saura ɗinki."

"Allah ya shirye ki," in ji ta. "Ki ajiye, ke ya fi yi wa kyau."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi don kada a fashe da kuka. Maigidana bai yi ba. Ya tsaya ruwa na ɗiga daga wandonsa, idonsa na can ƙarshen gaɓa, inda wata tifa ta juyo da baya ana loda mata yashi.

* * *

Gidajenmu jere suke a wani siririn fili, teku a gaba, fadama a baya. Abin da ya raba mu da teku wani dogon tudun yashi ne da ciyawa ta kama kansa, kuma a bayan tudun, a tsakar gidanmu, rijiya take. Marigayi surukina ne ya haƙa ta tun kafin a haifi maigidana. Rijiyoyin layinmu sun yi ta komawa zartsi ɗaya bayan ɗaya, tamu ce kaɗai ta rage da ruwan daɗi, ita duk unguwa ke sha. Waɗanda suka gaji suka kwashe zuwa bayan gari mun san yadda suka ƙare: mutum mai kwalekwale nasa na kansa ya koma ɗan dako, matarsa na wanke-wanke a gidajen mutane. Shi ya sa muke lallaɓa rijiyar nan kamar jaririya. Mun san ranar da ta lalace, zamanmu a nan ya ƙare.

Surukata, Iya, kullum tana gindinta a kan tabarma tana sa ido a kan masu ɗiba. Wanda ya ajiye guga a ƙasa ya ji ta bakinta. "Muddin ruwan nan na da daɗi, ba mai ɗaga ni daga gidan nan," haka take cewa, "sai dai masu ɗaukar makara."

Kifi dai ya guje mu. Wasu suka ce manyan jiragen nan ne da ke shawagi a can nesa suna share ƙasan teku, uwa da 'ya'ya. A rediyo kuma aka ce ruwan ne ya ɗau zafi kifi ya nutsa can ciki, wai ƙanƙara na narkewa a ƙarshen duniya, teku na ƙara cika. Iya ta saurara ta taɓe baki. "Ƙanƙarar da ko a kofi ban taɓa samu na sha ba, ita ce za ta biyo ni har gida?" Mu dai abin da muka sani, murhun bandar kifina ya yi sanyi har kaza ta samu wurin ƙwai a ciki.

Bayan kwana biyu maigidana ya zo ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. Ina gefe ina tsince shinkafar da ba ta kai a kira ta abincin gida ba.

"Iya, Mai Tifa ya yi mini magana. Gari na ta gine-gine, yashi ake nema ido rufe. Na can ƙarshen gaɓa ya ƙare. Ya ce babu mai kyau kamar na tudun gabanmu."

Na dakata da tsintar. Na ce, "Baban Auta, tudun da ya tare mana ruwa?"

"Ba duka ba. Gefe ɗaya kawai."

Iya ta daɗe tana murza carbi. Na sa rai za ta kore shi da tsawa, don ta iya. Sai ta ce, "'Yar nan, shekara nawa kika yi a gidan nan? Da damina teku ya kan kwashe yashin gaɓa har duwatsun ƙasa su fito, ko ba haka ba? Da rani kuma fa?"

"Ya maido," na ce.

"To. Ɗakin nan da nake kwana, da yashin wurin nan ubansa ya gina shi. Ramin da ya bari, kafin shekara ta zagayo ko alamarsa babu. Mu da muka tsufa a bakin ruwa mun san halinsa. Ɗan nan, je ka ɗiba. Amma da rani, ka ji? Ka ba shi lokaci ya cike kafin ruwa ya sauko."

Ba ƙarya ta yi ba, ni ma na sha ganin hakan da idona. Na ji tsoro ƙwarai, amma 'yarmu Auta ta kwana biyu tana tambayata ko yau za a sa kifi a miya, 'yar masunci guda. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsintar shinkafa.

* * *

Haka maigidana ya jingine taru ya ɗauki shebur. Mutumin da ke karanta fuskar ruwa tun daga gaɓa ya koma watsa yashi sama yana haɗiyar ƙura. Ba shi kaɗai ba, duk mazan layin suka bi, har mijin Uwar Biyu da ke cewa ciwon baya ya hana shi jan igiya, sai ga bayan ya warke sarai. Tukunya ta dawo tana ƙamshi, Auta ta yi kumatu. Tifa kuwa ba ta ƙoshi. Ta zo da safe, ta zo da azahar, daga baya ta jawo 'yan'uwanta. Gefe ɗaya da aka ce ya zama wawakeken giɓi, har in kana bakin rijiya kana hango farin kumfar teku, abin da ba a taɓa yi ba.

Kowace safiya Iya na dogara sanda ta je ta leƙa ramin. Ta dawo ta ce, "Ya kusa. Iskar ce ba ta juyo ba tukuna." Rani ya raba, ya gangara, ramin na nan da bakinsa a buɗe. Gaɓar ma da ta saba faɗi a wannan lokaci sai ƙara tsukewa take.

Wata rana Mai Tifa ya shigo neman ruwan sha. Mutum ne mai tumbi da fara'a, ya shanye kofi ya yi hamdala, ya ce duk yawonsa bai taɓa shan ruwa mai daɗin wannan ba. Iya ta ji daɗi, ta shiga ba shi labarin yadda teku ke maido da yashi. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ai Mama, yashinku na can na gan shi. Tun da aka gina katangar sabuwar tashar jirage, duk abin da ruwa ya kwaso a bayanta yake taruwa. Tuli guda! Sai dai wurin da masu gadi, ba a bari mu shiga, shi ya sa muke zuwa nan."

Ya faɗi haka ne kamar mai ba da labarin farashin albasa, ya goge baki ya fita. Na dubi Iya. Carbin ne kawai ya tsaya a hannunta.

Da maigidana ya dawo na tare shi a zaure na faɗa masa. Ya zauna ya zuba wa sheburinsa ido.

"Ka bari haka nan, don Allah," na ce. "Ku taru ku cike giɓin tun da sauran lokaci."

"Da me? Yashin yana cikin benayen mutane." Ya share fuska da hula. "In na bari, gobe wani zai tsaya a inda na tsaya. Ramin ba zai fasa girma ba, mu ne dai za mu kwana da yunwa."

Washegari ya koma.

* * *

Da rana tsaka abin ya zo, a farkon damina, ko ɗigon ruwan sama babu. Tun safe teku ke wani irin gurnani, iska na ɗaga kwanon rufi tana saki. Ina shanya sai na ji Uwar Biyu na kwarma ihu daga kan katanga: "Ruwa! Ga ruwa nan!"

Na waiga. Ta cikin giɓin nan ya shigo, ba da gudu ba, a natse, kamar wanda aka buɗe wa ƙofa. A zuwansa na farko ya lashi gindin katanga ya koma. Na biyu ya ture ƙyauren gida. Na cilla Auta kan gado, na fizgi wani tsohon kwanon rufi na kifa a bakin rijiya, na jibga tabarma, na hau kai na kwanta rub da ciki, wai ni nan zan tare teku da ƙirjina. Na uku ya ɗaga ni da kwanon gaba ɗaya ya ajiye a bakin madafa. Ina ji da kunnena ruwan gishiri na kwarara cikin rijiya, da ƙarar nan ta cika randa.

Iya na tsaye a ƙofar ɗakinta, ruwa iya gwiwa, ta riƙe dogaran ƙofa da hannu biyu. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Kallo kawai take.

Kafin la'asar ruwan ya janye, ya bar mana laka da tarkace. Maza suka dawo a guje, maigidana a gaba. Bai tambayi kowa komai ba, ya tuɓe riga ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga rijiya.

Kwana da kwanaki ana yasa. A kwashe ruwa tas har a ga ƙasa, a jira ya tsattsafo, a ɗanɗana, a tofar, a sake. Tun maƙwabta na taya mu har suka zare jiki, suka koma bin mai kura da ke turo jarkokin ruwa daga gari. Uwar Biyu ta fara ɗaure kaya. Da ta zo sallama ta kasa zolayata, ni ma na kasa, muka tsaya muna kallon ƙasa kamar baƙin juna. Maigidana kuwa ya ƙi fitowa daga ramin. Tafin hannunsa ya tsage, idanunsa suka faɗa. Ya daina zuwa wurin tifa, ya daina cin abincin kirki, in Iya ta yi magana ba ya iya ɗaga ido ya dube ta. Ita ma haka. Gida ya zama kowa na kauce wa kowa. Na san abin da bai sani ba, ko ya sani ya ƙi yarda: gishirin ba daga sama yake ba yanzu, ta ƙasa yake tsattsafowa.

Wata safiya ya jawo guga, ya tsaya da shi a hannu ya kasa kai wa baki. Sai Iya ta ce, "Kawo nan. Ku bakinku ya riga ya mutu, ba ku san daɗin ruwa ba."

Na cika mata kofi. Matar da malamin asibiti ya hana ko gishirin miya saboda hawan jini, ga ƙafafunta a kumbure. Na ce, "Iya, kurɓa ɗaya ya isa."

Ta harare ni. Ta kafa kai, ina kallon maƙogwaronta na hawa da sauka, ba ta sauke ba sai da ta kusa ganin gindin kofi. Ta yi ajiyar zuciya, ta goge baki da gefen mayafi.

"Alhamdu lillahi. Ya fara dawowa. Ɗan nan, ba ka yi ɓarna ba, ka ji? Ni na ce ka ɗiba, kuma ga shi ruwa ya gyaru. Je ka nemi abin da za ku ci."

Ya dube ta, a karo na farko tun ranar. Fuskarsa ta saki kamar ta ƙaramin yaro. Ban san ko ya yarda ba ne, ko yana bukatar ya yarda. Ya shiga zaure, na ji ƙarar shebur ya goga bango, ya fita. Can nesa tifa na danna hon.

Iya ta miƙo mini kofin ba tare da ta kalle ni ba. Ta juya fuska wajen bango ta kwanta.

Ɗan ruwa ya rage a ciki. Na kai bakina, ya ƙi wuce harshe. Na duba tsakar gida, ga Auta a bakin ƙofa ta zuba mini ido tana jira ta ji ko ta kawo nata kofin. Na rufe ido na haɗiye.