Ragowar Fentin Baba

Garejin na su biyu ne, wa da ƙane, gadon ubansu. Bakin ƙofa na wan ne, mai walda, wanda duk layin ke kira Guduma. Kusurwar baya ta ƙanen ce, Mai Fenti. Soket biyu ne a bango, amma waya ɗaya ke kawo musu wuta.

Mai Fenti yatsu uku gare shi a hannun dama. Biyun sun tafi tun yana ɗan shekara sha huɗu. Ran nan ya ƙi ba wansa makullin motar baba, wan ya maka masa ƙofar direba a kan hannu. Sau biyu ya maka. Aka ce wa baba tsautsayi ne. Bakin ƙofar ya ɗan lanƙwashe tun daga ranar, bai sake rufuwa daidai ba. Shekara arba'in da uku ke nan, ya sha mari, ya sha naushi, bai taɓa ramawa ba.

Da hagu ya koyi fesa fenti, da hagu ya ci abinci har ƙirjinsa ya gaji. Likita ya hana shi manyan motoci. Sai ya koma ƙanana, irin waɗanda za su zauna a tafin hannu biyu. Da gwangwani yake yanka su, ya buga, ya goge, ya fesa.

Wadda ke gabansa yanzu wata tara ta ci masa. Motar baba ce. Ta gaskiyar babu ita, don baba bai yi wata biyu a kabari ba Guduma ya sa wuta ya yayyanka ta, ya yi ƙyauren gidajen mutane da ƙarfenta. Abu biyu kawai Mai Fenti ya tsira da su: ma'aunin zafi na gaban direba, irin na da mai wutsiyar tagulla, da wani gwangwanin fenti. Kore ne mai duhu, baba da kansa ya haɗa shi, babu shagon da ke da irinsa. Da ya buɗe gwangwanin, sama duk ta daskare. Ya huda, ya tace da tsumma, ya samu abin da bai fi cokali uku ba. Shafi ɗaya ne. In ya ɓaci, shi ke nan.

Abin da zai ɓata shi kuwa yana nan cike da garejin: ƙurar ƙarfen injin gurza na Guduma. Fenti in ya bushe a fili, wuni yake ɗauka, ƙura ta zauna a kai kamar an barbaɗa yashi. Dole a rufe shi, a ba shi zafi, ya kama cikin awa guda.

Shi ya sa ya gina tanderu.

Wani mataccen ƙaramin firij ya jawo daga wajen masu tsofaffin ƙarafa. Ya cire injin, ya ɓaɓɓalle robar ciki don kada ta narke, ya shimfiɗa kwano. Ya jera ƙwan fitila huɗu a ƙasa, irin na da masu ƙona yatsa. Ya huda rami a sama don tururin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ya fita, ya rufe ramin da ƙyalle ninki uku. Ya yanka taga a ƙofar, ya sa gilashin wata tsohuwar mota. Ya cusa wutsiyar ma'aunin baba ta gefe. Ƙofar ba ta kamawa, sai ya ɗaura mata sakata mai tauri.

Mai Faci, maƙwabcinsu, kullum yana leƙowa.

"Maigida, burodi za ka fara gasawa? A ajiye mini na gefe."

"Matsa mini daga haske."

"Mutane na sayen firij don sanyi, kai naka zazzaɓi yake yi."

Gwaji na farko da guntun gwangwani, fentin ya yi bororo. Na biyu ya yamutse kamar fatar tsoho. Ya cire ƙwai ɗaya, ya faɗaɗa ramin sama. A na biyar allurar ma'aunin ta hau sittin ta zauna, guntun ya fito yana ƙyalli. Ya daɗe yana juya shi a hannu. Bai nuna wa kowa ba.

Da safen ranar da zai yi fesar, ya je ya tsaya a bayan wansa.

"Yaya."

Guduma bai juyo ba. Yana tsugune kan wani babban ƙyaure, wuyansa kamar na bijimi, duk da furfurar da ta cika masa kai.

"Yaya, awa ɗaya nake roƙo. Kada ka kunna injin gurza. In ka kunna shi tare da tanderun, wuta za ta faɗi."

"Awa ɗaya."

"Ɗaya tak."

"Kai Dungu, kana jin kanka kuwa? Ƙaton mutum da jikoki, in ajiye aikin maza saboda abin wasan yara?"

"Ka yi aunawa, ka yi yankan zarto. Gurzar kawai."

"Na ji."

Mai Fenti ya san wannan "na ji" ɗin. Amma fentin ya riga ya sha tina, ba zai kwana ba. Ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya rataya labulen leda, ya ɗaure hanci. Ya ɗauki ƙaramar bindigar fesa da hagu, ya riƙe numfashi. Rufi, boneti, ƙofofi, baya. Bindigar ta fara tari daidai lokacin da ya gama gefen ƙarshe. Ko ɗigo bai rage ba.

Ya bar ta ta sha iska minti goma a bayan labule, don danyen fenti in ya shiga zafi kai tsaye tafasa yake yi. Sannan ya ɗauke ta a kan faranti kamar mai ɗauke da jariri, ya sa a tanderu, ya tura sakata, ya kunna. Ƙarfe tara da kwata. Ta gilashin, koren ya haska. Nan take ya ga baba a ciki, hannu ɗaya kan sitiyari, ɗaya a waje.

Minti ashirin aka samu.

Sai injin gurza ya yi ƙara. Tartsatsi ya tashi, baƙar ƙura ta bi iska ta cika garejin. Ƙwayayen tanderun suka yi ja, suka lumshe. Wuta ta faɗi.

Guduma ya miƙe. Ya je ya tayar da makunnin bango, ya tako har kusurwar baya, ya yaye labulen ledar da hannu ɗaya, ya fizge wayar tanderun daga soket.

"Wannan akwatin banzar ne ke shanye mini wuta."

Mai Fenti ya dubi allura. Ta fara sauka. Ya sunkuya ya mayar da wayar. Ya wuce wansa, ya je bakin ƙofa, ya zare wayar injin gurza, ya naɗe ta, ya ajiye a ƙasa.

Mai Faci da ke tsaye da tayar wani a hannu ya ce, "Kai, kai, kai."

Marin farko ya jefa hular Mai Fenti kan titi. Na biyun ya toshe masa kunne, duniya ta koma kamar yana ƙarƙashin ruwa. Bai ɗaga hannu ba. Ya ja da baya, ya ja da baya, har bayansa ya manne da ƙofar tanderun. Zafin gilashin ya ratsa rigarsa. Ya buɗe ƙafafu ya tsaya.

"Matsa."

"Minti arba'in, Yaya."

"Na ce matsa, in ga abin da ya sa ka taɓa mini waya."

"Ka dake ni. Kada ka buɗe."

"Au, izini kake ba ni?"

Naushin ya same shi a baki. Ya ji haƙori ya karye, ya ji gishirin jini. Wani ya sauka a ƙirji, daidai inda ciwon yake, numfashinsa ya ɗauke. Ya durƙusa, amma bayansa bai bar ƙofar ba. Guduma ya sa gwiwa ya tokare shi a haƙarƙari, ya sake, ya sake.

Mai Faci ya yar da taya ya rugo, ya rungumo Guduma ta baya.

"Haba babba! Ɗan'uwanka ne! Kashe shi za ka yi a kan gwangwani?"

Guduma ya girgije shi kamar ƙuda. Mai Faci ya faɗa kan ƙyauren da ake aiki, goshinsa ya tsage, ya zauna a nan yana dafe da kai yana salati.

"Dungu, tun muna yara haka kake. Shiru-shiru, sai taurin kai. Makulli ma haka ka riƙe."

Mai Fenti ya tofar da jini da guntun haƙori. Ya karkato hannu ya dubi agogo. Gilashin agogon ya fashe, amma yana tafiya.

Wannan duban agogon shi ya ƙarasa haukata Guduma. Ya damƙi wuyan rigarsa da hannu biyu, ya ɗaga shi cak, ya wurga shi kan teburin aiki. Gwangwanaye da almakashi da kusoshi suka zubo masa a ka. Ƙafar Guduma ta harɗe wayar tanderun, ta fice daga soket, ƙwayayen suka mutu. Ya kama sakatar da dama ya ja.

Sakatar ta cije. Ya girgiza ta, firij ɗin duka ya motsa. A cikin hasken da ke shigowa ta rufi, Mai Fenti yana ganin ƙurar ƙarfe na yawo a iska, baƙa, mai yawa, tana jira. Fentin a yanzu ya fi kowane lokaci laushi. Ƙofar ta buɗe ko da faɗin yatsa ne, an gama.

Sakatar ta motsa rabi.

Hannun Mai Fenti na hagu ya lalubo babbar sufana a cikin tarkacen. Bai san lokacin da ya miƙe ba. Taku biyu ne. Ya ɗaga ta sama da kansa, ya sauke a kan yatsun da ke riƙe da sakatar.

Ƙarar kamar an taka busasshen kara. Guduma ya saki wata kuwwa da babu wanda ya taɓa ji daga bakinsa, ya zube kan gwiwoyi, ya dafa hannun a ƙasa. Yatsu biyu sun juya inda yatsa ba ya juyawa.

Mai Fenti ya taka wuyan hannun da ƙafa. Ya sake ɗaga sufanar. Shi sau biyu aka yi masa. Jikinsa duka ya san haka, har dungulmin yatsunsa yana zugi. Guduma ya ɗago kai ya dube shi, bakinsa a buɗe.

Can gefen idonsa Mai Fenti ya hango allura. Ta sauka ƙasa da hamsin.

Ya saki sufanar ta faɗi. Ya ɗauke ƙafarsa. Ya mayar da sakatar ta shige sosai, ya sunkuya da ƙyar yana riƙe da haƙarƙari, ya cusa wayar a soket. Ƙwayaye uku suka kama. Ya jawo gwangwanin banza ya zauna a gaban gilashin, jini na ɗiga daga haɓarsa zuwa riga.

Mutanen layi sun taru a bakin ƙofa. Babu wanda ya shigo. Mai Faci ya yagi tsumma ya naɗe wa Guduma hannu.

"Tashi mu je asibiti, babba."

"Bar ni."

"Yatsun nan fa..."

"Na ce bar ni."

Ya jingina da bango, gumi na tsiyaya daga furfurarsa, idonsa a kan ƙanensa. Mai Fenti bai waiwayo ba. Allura ta koma sittin. Ya ƙara minti goma a kan lissafinsa saboda zafin da ya zube. Garejin bai taɓa yin shiru haka da rana ba.

Da lokaci ya cika, ya kashe. Bai buɗe ba. Ya ɗauki bokiti ya yayyafa ruwa ko'ina, har kusa da ƙafafun wansa, ya jira ƙura ta kwanta, ya jira gilashin ya huce. Sannan ya wanke hannu, ya zare sakatar a hankali, ya fito da farantin, ya ɗora kan tebur inda haske ke sauka.

Ya zagaya ta sau biyu, ya sunkuya yana duba ta ta gefe. Babu ƙwayar ƙura ko ɗaya. Koren ya kwanta sumul, yana ɗauke da hoton rufin kwano.

Mai Faci ya leƙo da goshi a kumbure. "Wallahi sai ka ce a ba ta wuta ta tashi."

Guduma ya miƙe da ƙyar, rungume da hannunsa a ƙirji. Ya matso. Ya dubi boneti, ya dubi lambar da aka rubuta da bakin allura. Idonsa ya tsaya a ƙofar direba. Har ɗan lanƙwason nan na bakinta yana nan, ba ta rufu daidai ba.

Ya daɗe a tsaye. Sai ya miƙo hannun hagu.

"Kada ka taɓa," in ji Mai Fenti. "Bai gama kamawa ba."

Hannun ya tsaya a iska. Ya koma.

Mai Fenti ya kife kwali mai tsabta a kan motar. Ya goge baki da bayan hannu, ya fita titi ya ɗauko hularsa, ya kaɗe.

"Taho," ya ce. "Mu je a ɗaure maka. In aka yi sauri ba sai an yanke ba."