Ranar da Chencha Ta Zama Nabor

Ina da wata 'yar baiwa da ba na alfahari da ita: ina iya barci a zaune, ido rabi a buɗe, kai na gyaɗawa kamar mai auna magana. Da ita nake halartar taron gari. In lokacin ƙuri'a ya yi, aminina, compadre Eusebio, ya zungure ni, in ɗaga hannu inda ya ɗaga, in koma gida a matsayin wanda ya sauke nauyin al'umma.

Wannan Lahadin ma haka na soma. Muna filin ƙwallon kwando, inda muke taro, maza a kan benci cikin fili, mata a tsaye bayan farin layi. Babu wanda ya taɓa hana su tsallakowa. Ba a taɓa bukatar hanawar ba.

Gwamnatin jiha ta aiko da siminti da ƙarafa. Ko dai a yi wa filin rufi, ko a gina tanki a jawo ruwa daga idon ruwan da ke kan dutse, mata su huta da hawa da jarkoki a baya. Don Fidencio, shugaban gari na bana, ya dogara sandar mulki ya yi dogon bayani kan yadda rana ke cin ƙeyar mutane a wurin taro. Muka gamsu. Ƙeyar ai tamu ce.

"Masu son rufi," in ji shi.

Eusebio ya zungure ni. Hannuna ya kai rabin hanya na ji muryar da ke tashina kowace safiya.

"Tsoho, sauke hannun nan."

Matata ce, Crescencia, wadda kowa ke kira Chencha. Tana tsaye cikin fili, layin yana bayan dugaduganta.

* * *

A garinmu, bakin magana na wanda ya yi aikin gayya ne. Kowane gida na ba da mutum ɗaya. Rabin maza suna arewa, tsallaken iyaka, matansu ke fita a madadinsu. Ni na dawo daga can da wata gwiwa mai sanin kan kalanda, ba ta tashi sai ranar gayya. Saboda haka Chencha ke saɓa shebur. A kira Nabor, wato ni, ita ta amsa.

"Doña Chencha," in ji Don Fidencio cikin murmushi, "kin yi ɓatan kai ne? Coci na can."

Maza suka bushe da dariya.

"Na san inda coci yake, ni na ɗauko yashin gininsa."

"Ga maigidanki nan, zai yi magana da yawunki."

"Maigidana barci yake tun kana zancen ƙeya."

Dariyar ta juyo kaina. Na gyara hula.

Chencha ta juya wajen Don Fidencio. Ta ce, "Al'ada ta ce wanda ya yi gayya ke da baki. Wa ya haƙa magudanar makaranta? Wa ya share hanyar da ƙasa ta rufta?"

"A wurinmu, Nabor ne."

"To ni ce Nabor. Shekara da shekaru kuna kiran Nabor ina amsawa, ba wanda ya ce muryar ta yi siriri."

Sai Doña Eulalia, mai sayar da wainar masara ta tortilla, ta ajiye kwandonta ta tako.

"Ni kuma Porfirio ce. Shi mijin nawa yana arewa yana wanke kwanuka, abin da bai taɓa yi mini ba."

"Ni ce Anastasio!" in ji wata daga baya. "Har gemu na kusa yi!"

Suka yi ta shigowa, wasu da goyo, wasu na sunkuyar da kai kamar masu shiga ɗakin likita. Don Fidencio ya dubi dattawa, dattawa suka dubi takalmansu. Ya rasa madafa, sai ya faɗo kaina.

"Nabor, kai me ka ce?"

Eusebio ya matso kunnena. "Compadre, kar ka zama mijin-ta-ce a gaban mutane."

Na miƙe, gwiwar ma ta ba ni haɗin kai. Na dubi Chencha, na dubi benci, na tuna inda zan ci abincin dare.

"Ni dai duk abin da Nabor ya ce."

Tanki ya ci ƙuri'a.

* * *

Da yamma na same ta a kicin, wake na tafasa, ta zauna ta zuba wa tafin hannunta ido.

Ta ce, "Ban shirya ba, tsoho. Hannunka kawai na ga yana tashi, sai na ji igiyar jarka a goshina."

"Kin ba ni kunya," na ce, don dai in ce wani abu.

"Ka sha ruwa, za ta wuce." Ta yi wata 'yar dariya. "Ka sani? Na ɗauka zan ji wani abu in na taka layin nan. Ashe fenti ne kawai."

* * *

Mata suka hau da simintin a baya, buhu-buhu. Chencha ce ke cewa a haƙa nan, a karkata can, kuma ana yi. Har Eusebio na ji yana cewa, "A tambayi Doña Chencha."

Da aka zo naɗa shugaban kwamitin ruwa, dattawa suka yi dogon zama. Cancanta dai ba a musu. Amma muƙamin da sanda yake zuwa, sanda kuwa ba ta taɓa shiga hannun mace ba. Sai suka samo mafita mai kyau: a ba gidan.

Ranar buɗe famfo wani jami'i ya zo daga birni da mai ɗaukar hoto. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce da ana samun maza masu hangen nesa irina da ƙasar nan ta ci gaba. Na gyaɗa kai yadda na iya. Chencha ta miƙo masa kofi, ya karɓa bai dube ta ba, ya ce ta ɗan matsa, tana tare hoto.

Ta matsa. Ta je ta buɗe ruwan, don ita ta san yadda ake yi.

Ni ne shugaban kwamitin ruwa, an ma sabunta mini bana. Har yau ban taɓa ganin idon ruwan ba.